Baƙin Farantin Yaya

Mai gwangwan ne ya fara ganinsa. Ya ce yana turo kurarsa da sassafe sai ya ga ruwa kwance a titi alhali ba a yi ruwan sama ba. Ya bi jiƙar har bakin kwalbatin da ke ƙasan gangare, ya tarar da Yaya a kife, ƙanƙarar da ya ɗauko ta watse kewaye da shi tana narkewa. Kekensa yana gefe, sarƙar injin ta nannaɗe a gindin ƙafar baya, tayar ta ƙi juyawa.

Kafin in iso an rufa masa buhu. Ƙafafunsa kaɗai ke waje. Silifas ɗin wanka ne a ƙafar hagu, ɗan'uwansa ya faɗa cikin kwata. Na tsaya ina kallon ƙafar dama, wadda sarƙa ta cinye wa ƙaramin yatsa tun yana koyon hawa. Ban yi kuka ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne ya kamata wani ya kwashe ƙanƙarar nan kafin ta ƙare.

Hukuma suka zo, suka duba, suka ce hatsari ne. Da a nan zancen zai tsaya, sai Bakanike ya tsuguna gaban keken, ya goge giris da gefen rigarsa, ya ce, "Wannan ba farantinsa ba ne."

Mu masu kai ƙanƙara ne. Muna ɗaukowa daga kamfani a kan tudu, mu gangara, mu sake hawa wani tudun zuwa kasuwar kifi. Kekunanmu na feda ne da aka liƙa wa ɗan ƙaramin inji. Sarƙar injin tana hawa wani faranti mai haƙora da ake matsewa a jikin wayoyin ƙafar baya. Makanikai na ce masa sifiroket, mu faranti kawai muke cewa. Na kasuwa ƙarfensa taushi ne da shi. Kaya da hawa sukan lashe haƙoransa su lanƙwashe kamar ƙugiya, daga nan sai sarƙa ta fara tsalle. In ta yi tsalle a hawa, sai ka sauka ka tura. In ta yi a gangare da kaya a bayanka, abin da ya sami Yaya ke nan.

Amma na Yaya ba ya lasuwa. Wani tsohon maƙeri ne ya yanka masa shi daga faifan garmar tarakta, ya fitar da haƙoran ɗaya bayan ɗaya da magagari, bai daɗe da gamawa ba ya rasu. Baƙi ne wuluk, in ka ƙwanƙwasa shi da sifana amonsa sai ya daɗe yana tafiya. Ya cinye sarƙa ba adadi, haƙoransa ko gezau. Babu mai ƙanƙarar da bai taɓa taya shi ba, babu kuma wanda bai sha a'a ba.

Kafin a dawo daga binne shi unguwa ta gama ɗinka labarin. Wani ne ya shiga ɗakin ajiyarmu, ya kwance baƙin farantin, ya ɗaura cinyayye, Yaya ya fita da duku-duku bai lura ba. Wasu suka ƙara da cewa har takalmi aka cire masa a ƙafa, don Yaya ba ya hawa keke da silifas. Yana da wani takalmi mai kaurin ƙasa da ba ya rabuwa da shi.

Mutum biyu ke da makullin ɗakin ajiyar, shi da ni.

*

Kekena ya daɗe a jingine a ɗakin, farantinsa ya mutu. Duk unguwa ta san na zama mahaukacin faranti. Na sayi na kwali mai fenti yana ƙyalli, fentin ya fi ƙarfen ƙarko. Na samo na babur, ramukansa suka ƙi zuwa daidai. Na kai wa mai walda ya cike haƙoran tsohon, suka zube a hawan farko. Wani ya ce in gasa shi ya yi ja in tsoma a baƙin mai, na yi, ya tsage biyu a hannuna, sai cinyayyen mai fentin kaɗai ya rage min. Ranar jajiberin abin ma a ƙafa na tafi kasuwar tsoffin ƙarafa da ke ƙetaren gada ina neman faifan garma, na yini ina juya tsatsa, na dawo hannu biyu, babu kuma wanda zai ce ya gan ni a can.

Ga kuma bakina. Sau nawa na ce in ban samu ba zan sayar da keken in bar garin, in tafi inda ba wanda ya san ni. A rumfar Bakanike, gaban mutane, na taɓa ce wa Yaya ranar da ya yi nauyin barci zai tashi ya ga babu farantin. Ya ce in na iya kwance shi ba tare da na zubar da noti ba ya ba ni kyauta. Aka yi dariya. Yanzu kowa ya tuna rabin farko, ba wanda ya tuna dariyar.

Ba wanda ya tare ni da maganar. Masu gaisuwa sukan miƙo min hannu su zare da wuri. In na zauna a tabarma sai in ga ta yi faɗi.

Da yamma Inna ta kira ni ƙofar ɗakinta. Tana ninke wani zani da ya riga ya ninku.

"Auta," ta ce, "ba zan tambaye ka ba, don ba na son jin amsa. In baƙi sun watse, ka tafi can inda ka daɗe kana cewa za ka."

Na ce to. Na koma na zauna.

*

Shugaban masu ƙanƙara ne ya kawo mai bin sawu. Kallo-ƙasa ake ce masa. A da shanun da aka sace yake bi, da ƙarfi ya ragu ya koma bin awaki da ɓarayin janareta. Siriri ne, yana tafe da sanda da jakar buhu, kuma ba ya duban fuskar mutum. Da aka nuna ni, ƙafafuna ya gaisar.

Ya tambaya ko an shiga ɗakin ajiya tun ranar. Aka ce a'a. Ni ban iya kusantar ƙofar ba, sauran kuwa sun ce ko ɓarawon ya kai sakarai ba zai ajiye abin sata a inda ya sata ba. Ya karɓi makullina, ya cire takalminsa, ya shiga shi kaɗai yana bin jikin bango. Ya daɗe a ciki har Shugaba ya fara duba agogo. Can ya fito. Ya zaro wani kwaɗo daga jakarsa ya ƙara a kan namu.

Ya tambaye ni yaushe rabona da shiga. Na ce tun da keken ya mutu. Ya sa na cire takalmi na taka yashi, ya duba, ya share da sandarsa, ya ce in zo in raka shi. Shugaba ya matso ya yi ƙasa da murya, amma na ji shi, ya ce ai yaron nan shi ake zargi.

"Shi ya sa," in ji Kallo-ƙasa. "In yana gefena ba sai na neme shi ba."

*

A gangaren ya yi ta hawa da sauka a sunkuye. Ya nuna min inda tayar baya ta daina juyawa ta fara jan ƙasa, wani baƙin layi da ya karkata zuwa kwalbati. Ya ce babu mota a zancen, babu kuma wanda ya tura shi. Ya ce Yaya ya sa ƙafa ƙasa don ya tsayar da keken, nan ne silifas ɗin ya fita. Na kalli wurin. Ƙasa ce kawai.

Ya zura sandarsa cikin kwata ya zaƙulo silifas ɗin. Ƙarami ne, da ɗan fure a hancinsa. Ya juya shi, ya sa a jaka.

Mai gwangwan muka samu yana daddatse gwangwanaye a bakin shagonsa. Tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa. Kallo-ƙasa ya bar shi ya gama, sannan ya ce kurarsa ta tsaya kusa da keken, kuma ta fi nauyi a tafiya fiye da zuwa. Mai gwangwan ya shiga ciki, ya fito da murfin sarƙa da ƙararrawar Yaya da wata sifana.

"Baba, ƙarfe a ƙasa," ya ce. "Hannuna ba ya shawara da ni."

Aka tambaye shi takalmi. Ya ce shi da ko mushen kaza ba ya iya taɓawa, shi ne zai cire wa gawa takalmi, har ya tsaya ya sa mata silifas don kada ta ji sanyi? Ya ce a kwashe duk abin da ke shagon, in an ga baƙin faranti a yanka shi da shi. Kallo-ƙasa ya miƙo min ƙararrawar. Na sa a aljihu, tana ɗan kaɗawa duk inda na taka, ban cire ba.

*

Na biyu shi ne Dogo, shi ma mai ƙanƙara ne. Shi ya fi kowa nacin farantin, har ya taɓa cewa zai ba Yaya kekensa sukutum a madadinsa. Tun ranar da abin ya faru kekensa ya daina ƙarar sarƙa, ya kuma ɗaura buhu ya rufe ƙafar baya, ya ce wai saboda taɓo. Mun same shi a layin kamfani yana jiran lodi.

Ya ce ba zai buɗe ba. Ya ce a je a fara tambayar 'yan gida, yana faɗa yana kallon sama da kaina. Kallo-ƙasa ya zauna a kan wani bulo ya ce ba laifi, shi ba ya sauri, zai jira manajan kamfani ya fito su buɗe tare, tunda sawun Dogo ya kai shi har bayan ɗakin inji inda ba a yarda kowa ya shiga ba.

Dogo ya ja mu bayan katanga ya kwance buhun. Faranti ne fari, an yanko shi daga faifan tsohon injin yankan ƙanƙara da kamfani ya jingine. Bai tambayi kowa ba ya ciro. Haƙori biyu har sun riga sun ɓalle.

"Ka gani," ya ce da ni, karon farko da ya yi min magana. "Shi ma ba zai kai ko'ina ba."

Na ce ƙarfen ya yi tauri da yawa, irinsa ɓallewa yake ba lasuwa ba. Muka tsaya muna kallonsa mu biyu kamar ba abin da ya kawo mu sai wannan.

*

Rumfar Bakanike tana warin fetur da jiƙaƙƙen garin katako. Keken Yaya yana can a kife, ba wanda ya zo ɗauka. Kallo-ƙasa ya ce shi bai san komai a kan ƙarfe ba, abin hawan da ya iya jaki ne, don haka a nuna masa tun daga farko kamar ana koya wa yaro.

Bakanike yana son a tambaye shi. Ya jawo wata ƙafar keke ya nuna yadda ake yi. Faranti a waje. Roba mai kauri tsakaninsa da wayoyi, wata robar ta ciki, kusoshi su ratsa duka a matse. In babu roba ƙarfe zai ci wayoyin ya tsinka su. Matsewar ma ba a jere ake yi ba, nan da can ake bi, ana juya ƙafar ana dubawa, in ba haka ba farantin ya riƙa rawa. Ya ce wanda ya ɗaura cinyayyen farantin nan a keken Yaya ya san aiki, har haƙoran ya bi da magagari ya miƙar da su don kada a gane. Na wane ne kuwa, ba zai iya cewa ba. Cinyayyen faranti duk kamarsu ɗaya.

Kallo-ƙasa ya ce an ce shi ma ya taɓa taya baƙin. Bakanike ya ce ya taya, zai kuma sake tayawa in ya gan shi, amma shi mai gyara ne, in kowa ya sami faranti mai ƙarko me zai ci? Sannan ya nuna ni da sifana.

"Wannan ma da ake ta faɗa, ko ya sami farantin aikin banza ne. Robarsa ta ruɓe, ni na kwance ta, a hannuna ta marmashe. Kuma babu ita a kasuwa yanzu."

Kallo-ƙasa ya ɗago kai. Ban taɓa ganin tsakiyar idonsa ba sai lokacin. Ya tambaya in babu ta kasuwa da me ake yi. Bakanike ya ce duk roba mai kauri mai zare a ciki, bel ɗin injin niƙa, gefen tayar mota in wuƙarka tana ci, duk abin da hannu ya kai.

Tsohon ya mayar da kansa ƙasa. Ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa, sannan ya ce mu koma gida.

*

Matar Yaya ba ta fito ba tun ranar. Ta bayan labule suka yi magana, ni ina tsaye a bakin rijiya ina jin su. Ya tura silifas ɗin ta ƙarƙashin labulen. Ta ce nata ne.

Ya tambaye ta yadda aka yi ya je ƙafar mijinta. Ta ce ranar jajiberin ya dawo aiki da takalminsa, ya ci abinci, ya shiga ɗakin ajiya ya daɗe. Da ya fito ƙafarsa ba komai. Ta tambaye shi, ya ce takalmin ya gama aikinsa. Ya wanke hannu da kananzir yana fito, ya ɗauki ƙaramar 'yarsu ya shafa mata baƙi a hanci, ta yi masa faɗa. Da safe ya zura silifas ɗinta ya ce zai sayi wani a kasuwa.

Kallo-ƙasa ya ce me ya sa ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce wa ya tambaye ta? Masu shigowa haƙuri kawai suke ba ta.

Na ji duk wannan, ya wuce ta kaina kamar ana ba da labarin wasu mutane. Abin da na riƙe kawai shi ne fiton. Na yi ta ƙoƙarin tuno wace waƙa yake yawan yi, ta ƙi zuwa.

A bakin ƙofa tsohon ya tsaya yana gyara jakarsa.

"Gobe za a fito da kekenka gaban mutane," ya ce. "Duk abin da ka gani, kada ka yi magana, kada kuma ka gudu."

Na ce ina za ni.

*

Da hantsi tsakar gidanmu ta cika. Shugaba da masu ƙanƙara, Dogo a can baya, Mai gwangwan kusa da ƙofa inda zai fi saurin fita, Bakanike da akwatin kayan aikinsa. Inna tana zaune a bakin ɗakinta. Labulen matar Yaya yana motsi kaɗan.

Kallo-ƙasa ya buɗe kwaɗo biyun. Ya shimfiɗa katako daga ƙofa zuwa ciki, ya ce duk wanda ya taka ƙasa shi ne ɓarawon. Shi da Shugaba suka ɗauko kekena sama, suka dire shi a tsakiyar mutane.

Baƙin farantin yana jikin ƙafar bayansa.

Bakanike ya ƙwanƙwasa shi da sifana. Amon ya tashi ya zaga gidan. Dogo ya ce, "To, ai shi ke nan." Na ji hannun wani a damtsena, ban juya na ga ko wane ne ba. Ina kallon farantin, an goge shi tas, an sa wa sarƙar mai. Inna ta dafa bango za ta tashi.

"Uwar yara, ɗan zauna," in ji Kallo-ƙasa. "Tun jiya na gan shi a nan. Da don wannan ne da ban ɓata muku yini ba."

Ya sa Bakanike ya kwance. Bakanike yana kwancewa yana magana shi kaɗai, yana cewa wannan ɗaurin ba na Auta ba ne, Auta ko murfin tanki ba ya matsewa daidai. Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Da farantin ya fita, robar ta zubo gida huɗu, kowace kamar jinjirin wata. Bakanike ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ce wannan ba ta kasuwa ba ce.

Tsohon ya ɗebo ruwa a buta ya jiƙa yashi, ya daddale shi da tafin hannu. Ya ɗauki robar ɗaya bayan ɗaya yana dannawa yana ɗagawa. Zane ya fito, layi-layi a karkace kamar ƙayar kifi, ga wani zagaye a gefe inda aka taɓa yin faci. Ban buƙaci a gaya min ba. Na sha bin wannan zanen na ƙasan takalmin Yaya daga ƙofar gida zuwa bakin titi.

Ya kira Shugaba ya hau katakon, ya kira Dogo ma, ya ce ya zo tunda shi ya fi kowa sauri. Ƙasan ɗakin ajiyarmu ƙura ce da baƙin mai, tana riƙe duk abin da aka ba ta. Ya nuna musu da sanda, yana faɗa da ƙarfi don na waje su ji. Ga takalmin ya shiga. Ga inda aka kifa keke biyu gefe da gefe, ga gurbin sirdi, ga na kan keke. Ga inda mutum ya zauna a ƙasa ya yi yanka, ga ɓarɓashin roba. A kan ɓarɓashin ga ƙafa ba takalmi ta taka ta nutsa shi cikin ƙasa, wato bayan an gama yankan ta taka. Ita ce ta zaga keken nan, ta zaga wancan, ita ce ta fita. Ya ce Dogo ya ƙirga yatsun ƙafar dama.

Dogo ya sunkuya. Ya daɗe. Ya ce huɗu.

Sawun Auta yana nan, in ji tsohon, amma ƙura ta riga ta kwanta a kansa. Ya zura hannu ƙarƙashin benci ya jawo gwangwanin da Yaya ke tara noti. Igiyoyin takalmin suna ciki a naɗe, da wuƙar.

"Ba wanda ya sace masa takalmi," ya ce. "Ba wanda ya sace masa faranti. Shi ya kwance nasa ya ɗaura wa ƙaninsa. Ya tarar babu roba, ya duba abin da ke kusa, ya cire na ƙafarsa. Sannan ya ɗauki mataccen ya gyara wa haƙora ya ɗaura wa kansa."

Hannun da ke damtsena ya sake ni.

Bakanike ya zauna a kan akwatinsa. Ya ce ranar jajiberin Yaya ya biyo ta rumfarsa, ya tambaye shi faranti irin na Auta, in an bi haƙoran da magagari kuma mai hawa yana lallaɓawa, zai kai yaushe. Shi kuwa ya ce masa ya danganta da addu'ar uwar mai hawa. Suka yi dariya. Ya ɗauka tsokana ce. Yana faɗa sai ya tuna wa ke zaune a bakin ɗaki, ya rufe bakinsa da hannu mai giris.

Daga bayan labule matar Yaya ta ce, "Ya ce min Auta ba inda za shi. Na ɗauka magana suka yi."

Ba mu yi magana ba. Da na dawo daga ƙetaren gada a ranar na wuce shi yana zaune a bakin rijiya ƙafa ba takalmi, ya ce an dace? Na ce a'a, na shige ɗaki. Ya bi ni da cewa in leƙa keken da safe. Na ɗauka so yake in share masa ƙura.

*

Mutane suka fara zamewa. Shugaba ya riƙe hannuna da hannu biyu ya faɗi wasu maganganu. Mai gwangwan ya riga kowa fita. Dogo ya tsaya gabana, ya sunkuya ya tattara notin da suka watse ya zuba min a tafin hannu, ya tafi.

Na raka Kallo-ƙasa bakin titi. Na tambaye shi, to yanzu wa ya kashe shi?

"Sawu aka ce in bi," ya ce. "Na bi, nan ya ƙare."

Ya karɓi kwaɗonsa ya sa a jaka, ya tafi yana kallon ƙasa.

Da na dawo gidan ba kowa sai Inna. Kekena yana kife ba ƙafar baya, farantin yana kan yashi, robar huɗu a gefensa. Ta taso ta ɗauki ɗaya, ta koma mazauninta, tana shafa zanen da babban yatsa. Na tsaya daga nesa. Baƙi sun watse, ita kuma ba ta janye maganarta ba.

"Da ma kai ka sata," ta ce. "Da na san inda zan ajiye fushina."

Na ce haka ne.

Ta ci gaba da shafa robar. Wata kaza ta zo ta bi ta kan jiƙaƙƙen yashin ta wuce. Sannan ta tambaye ni ko zan iya mayar da shi yadda ya ɗaura. Na ce Bakanike zai ɗaura min. Ta ce ba Bakanike ta tambaya ba. Na ce zan koya. Ta ce masu kifin da yake kai wa sun aiko tun jiya suna tambaya wa zai riƙa kawo musu, ba ta ba su amsa ba, kuma akwai yara a ɗakin can.

Ta muskuta ta bar gefen tabarma. Na je na zauna. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba.

Can ta ce, "Ka ci abinci?"

Na ce a'a.

Ta ce ita ma. Muka ci gaba da zama.